Matar da ke jiran biza ba bazawara ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a madadin mata irina, waɗanda ke zaune gaban iyayensu da igiyar aure a kansu, miji kuma yana ƙasar waje.

An ɗaura mana aure a nan Jos ƙarshen 2022. Wata ɗaya maigidana ya yi ya koma Amurka, inda yake aikin jinya. Da isarsa ya shigar da takardar da ake kira I-130, wadda da ita miji ke nema wa matarsa izinin zuwa. Tun daga ranar nake jira. Ya zo gida sau biyu, ɗanmu yanzu har gudu yake yi, amma muryar babansa a waya ya fi sani. Awa biyar zuwa shida ke tsakaninmu, don haka lokacin da na idar da sallar asuba cikin sanyin nan namu na Jos, shi yana tsakiyar aikin dare, a nan muke samun 'yan mintocin gaisawa.

Jiran da nauyi, amma bakin mutane ya fi shi. A gidan suna wata ta ce min zaman jiran gawon shanu nake yi. Gwaggona, wadda na san don ƙauna take faɗa, ta zaunar da ni ta ce, "'Yar nan, ki buɗe idonki, ya yi aure a can." Har an kai ga ba Baba shawarar ya nemo min takardar saki. Ranar na yi kuka sosai.

Ga abin da ba su sani ba. Matar wanda ya zama ɗan ƙasar Amurka daban, matar mai katin zama na dindindin daban. Ta farkon babu ƙayyadadden adadi a kanta, mu kuwa matan masu katin, akwai yawan bizar da ake bayarwa a shekara, sai layi ya zo kanki bisa ranar da aka shigar da takardarki. Duk wata ake fitar da jadawali, ni ma duk wata sai na duba. Bayan an amince da I-130 akwai cike DS-260, wato takardar neman bizar, akwai I-864 inda miji zai nuna kuɗin shigarsa sun isa riƙe iyali, akwai takardar shaidar hali daga 'yan sanda, da gwajin asibiti, sannan ganawa a Legas, tafiyar yini guda daga nan. Siyasa ma takan shigo: a farkon 2020 an dakatar da irin wannan biza ga 'yan Najeriya, sai Janairun 2021 aka ɗage. Wanne ne a ciki yake hannun miji?

Inda muke da laifi shi ne takardu. A ƙofar masallaci aka ɗaura aurena, waliyyai suka karɓi sadaki, aka raba goro da dabino, kowa ya watse, ba wanda ya tuna da rubutu. Daga baya muka sha yawon neman liman da shaidu kafin a samu takardar aure. Ranar haihuwata ta makaranta kuma ta saɓa da ta fasfo, gyaran kaɗai ya cinye watanni. Iyaye, don Allah, ku karɓi takarda ranar ɗaurin aure.

Sai 'yan damfara. An kawo min wani har gida, wai ya san mutum a ciki, in ba shi naira dubu 800. Na ƙi, domin wanda aka kama da takardar bogi ana iya haramta masa shiga har ƙarshen rayuwarsa.

Roƙona, Edita, ku gayyato lauyan da ya san harkar shige da fice ya yi bayanin matakan nan da Hausa a shafinku. Zan yanke shafin in kai wa Gwaggo da hannuna.

Wassalam,
Mai karatunku daga Unguwar Rogo, Jos