Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan gwajin ciwon daji

Assalamu alaikum, Babangida.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu ma nan muna lafiya, alhamdulillahi. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira ka a waya, domin maganar tana da nauyi, kuma ina so ta kasance a hannunka ka riƙa komawa kanta.

Bana za ka cika shekara 45, kuma lokaci ya yi da za ka san abin da ke cikin jinin gidanmu. Baffanka marigayi, Allah ya jiƙansa, ciwon dajin mafitsara na maza ne ajalinsa, wato wanda ke kama furosteti, wata 'yar tsoka mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda hanyar fitsari ke ratsa tsakiyarta. Ya daɗe yana fama da ciwon baya da na ƙugu, ana cewa sanyi ne, ana cewa basir ne, ana jiƙa masa sassaƙe, har zuwa ranar da fitsari ya ƙi fita aka sa masa roba. Ka tuna yadda yake ɓoye jakar a ƙarƙashin babbar riga idan baƙi sun zo gaishe shi. Kafin a kai ga gano ciwon, ya riga ya shiga ƙashi. Ni kuwa an gano nawa ina shekara 61, ba na jin ciwon komai, gwajin jini ne kawai ya tona shi, shi ya sa aka same shi tun bai bar wurinsa ba.

Abin da wannan ke nufi gare ka ba ƙarami ba ne. Likitoci sun tabbatar cewa namijin da mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan ciwo, haɗarin kamuwarsa ya ninka na sauran maza sau biyu ko fiye, kuma yana ƙaruwa idan waɗanda suka yi shi a dangi suna da yawa, ko ya same su tun ba su tsufa ba. Ga kuma kasancewarmu baƙar fata: a Birtaniya an ƙiyasta cewa namiji 1 cikin 8 zai gamu da shi a rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙen fata 1 ne cikin 4. A Najeriya ma shi ne ciwon dajin da ya fi kama maza. Saboda haka ne Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka take ba da shawarar namiji ya fara tattauna batun gwaji da likita a shekara 50, amma baƙar fata da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya kamu kafin shekara 65 su fara a 45. Kai ka haɗa duka biyun.

Kada kuma ka tsaya a dangin uba kaɗai. Yayar mahaifiyarka sankarar mama ta yi tun da ƙuruciyarta, kuma akwai wata ƙwayar halitta da ake gada, ana kiranta BRCA2, wadda idan ta samu tangarɗa takan jawo sankarar mama da ta ƙwan mace, a jikin namiji kuwa ta ƙara haɗarin wannan ciwo namu. Ɗa yana iya gadonta ta wajen uwa kamar yadda yake iya gadonta ta wajen uba. Ka zauna da mahaifiyarka ku rubuta wanda ya yi ciwon daji a ɓangarorin biyu, da irinsa, da shekarunsa lokacin da aka gano, ka tafi wa likita da takardar. Mutanenmu suna sakaya irin wannan labari, su ce wane ya rasu bayan doguwar jinya, kuma a ganina wannan sakayawa zalunci ce ga 'ya'ya da jikoki.

Shi gwajin ba wani abin tsoro ba ne. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu a auna wani sinadari mai suna PSA, kuma ana yin sa a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika, har da ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Wani lokaci likita yakan sa safar hannu ya duba ta dubura. Na san nan ne maza ke tirjewa, ni ma na ji nauyinsa, amma abu ne na ɗan lokaci kaɗan, kuma addininmu bai hana likita duba al'aura don lalura ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani.

Idan sakamakon ya fito da adadi mai yawa, kada hankalinka ya tashi, domin kumburin da ba na daji ba, wanda yake zuwa wa yawancin maza da shekaru, ko ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari, duk suna iya ɗaga shi. Sai an sake gwaji, an ɗauki hoton MRI, wani lokaci an ciri ɗan nama an auna, sannan a yanke hukunci. Ko an tabbatar ma, wani irinsa yana tafiya a hankali ƙwarai, har likitoci su zaɓi sa masa ido kawai, ganin cewa tiyata da gashin da ake yi wa ciwon da na'ura suna iya taɓa riƙon fitsari da ƙarfin namiji. Ka nemi a yi maka bayanin wannan dalla-dalla kafin ka amince da kowane mataki. Nelson Mandela an yi masa gashin wannan ciwo a 2001, ya rayu har zuwa 2013.

Ka je cikin watan nan, kada ka jira sai fitsari ya fara yi maka gardama, domin a farkonsa ciwon ba ya nuna alama. Idan ka karɓi sakamakon ka turo mini hotonsa, sannan ka karanta wa ƙannenka maza wannan wasiƙa, su ma su san shekarar da za su fara. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah ya yi muku albarka.

Ni ne mahaifinka.