Kafin ka sauya manhajar jin waƙoƙi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in ja kunnen masu tara waƙoƙi a kwamfuta ko waya, don ni na sha wuyar abin.

Tun zamanin Winamp, manhajar jin waƙoƙi da ta fito a 1997, nake tarawa. Kowace waƙa na raɗa wa fayil ɗinta suna tsaf, na jera su folda-folda. Ran da na sauya kwamfuta na ɗora sabuwar manhaja, sai ga fiye da rabinsu an jibge wuri guda, wai ba a san mawaƙinsu ba. Ashe yawancin manhajojin nan ba sunan fayil suke bi ba. Akwai ɗan bayani maƙale cikin MP3 da ake kira ID3, nan ake rubuta sunan waƙa da mawaƙi da kundi da shekara. Nawa kuwa fayau suke.

Waɗanda ke da shi ma ba su tsira ba. Tsohon samfurin ID3 na 1996 harafi 30 kacal yake ɗauka a gurbin suna, dogon suna sai a datse masa wutsiya. Bai kuma san ƙ da ɗ da ɓ ba, har na ga "ƙauna" ta koma "?auna". Sabon samfurin, ID3v2, na ɗaukarsu lafiya lau, in dai an adana da Unicode, tsarin rubutun da ya san haruffan harsuna daban-daban.

Abin da ya fi ci min rai shi ne jerin waƙoƙin da na tsara na tafiya da na dare, da taurarin yabo da na bi na saka wa waƙoƙin. Tsohuwar manhajar a nata rumbun ta ajiye su, suka bi tsohuwar kwamfutar. Wani aboki ya ce in bar wahalar da kaina, in zuba komai a intanet. Na tuna masa Google Play Music, dandalin ajiye waƙoƙi a intanet da aka rufe a 2020.

Yanzu foobar2000 nake amfani da ita. Ba ta da ado, amma takan gyara bayanin waƙa ɗari a bugu ɗaya. Kowane jeri ina fitar da shi a fayil ɗin M3U, in ajiye kusa da waƙoƙin. Manhajar MusicBrainz Picard ta gano min bayanin sanannun waƙoƙin, sauran kuwa da hannu nake cikewa, kaɗan-kaɗan kowane dare. Na kai harafin M.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku