Zuwa ga ɗana Sani, a kan masu jiran jirgi ya fashe

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka na gaishe ka.

Na ji daɗi da ka kama dillancin filaye da gidaje. Sai dai maganar da ka yi a waya, cewa riba ta fi kauri wajen wanda bashi ya yi wa katutu, ta tsaya mini a rai. Ta tuna mini da labarin masu jiran jirgin ruwa ya fashe.

A kudu maso yammacin Ingila akwai yankin Konwal, gaɓar tekunsa duk duwatsu ne. An daɗe ana cewa mutanen ƙauyukan wurin kan kunna fitila a daren hadari, matuƙin jirgi ya zaci ya kusa tasha, ya nufo, ya daki dutse, kafin gari ya waye an kwashe kayan. A Nags Head ta Amurka kuwa, wai a wuyan doki ake ɗaura fitilar, a yi ta zagayawa da shi bisa tudun yashi, tana lilo kamar ta jirgin da ke tsaye lami lafiya. Marubuciya Daphne du Maurier ta gina littafinta Jamaica Inn na 1936 a kan masu wannan ta'asa. A wasan waƙa na Ethel Smyth, da aka fara nunawa a Leipzig ta Jamus a 1906, mutum biyun da suka hura wuta don su gargaɗi jirage su jama'ar gari suka yanke wa hukuncin kisa, saboda sun toshe musu hanyar abinci.

A 1753 majalisar Birtaniya ta sa hukuncin kisa a kan kunna fitilar yaudara. Amma masana tarihi sun ce da ƙyar ake samun shaidar an yi hakan. Abin da ya tabbata shi ne wawason kayan jirgin da ya fashe da kansa. Kuma a 1275 dokar Ingila ta ce muddin mutum, ko kare, ko kyanwa ya fito da rai, kayan na nan na mai su. Ka duba halin matuƙin da ya iso gaɓa a galabaice, alhali numfashinsa ne ya raba mutanen da dukiyar.

Ba na tsoron za ka yi wa wani ƙarya, Sani, na san tarbiyyarka. Tsorona ka saba da jira, har labarin karayar wani ya riƙa yi maka daɗi. Ranar da matar da mijinta ya rasu ta zo da takardar fili a leda, yaronta na kwance a asibiti, ka faɗa mata farashin kasuwa, ka nemo mata mai saye na gari, ka karɓi la'adarka kawai. In kwana biyu za su ƙara mata kuɗi, ka ce ta dakata, ka ranta mata na magani in kana da hali.

In ka zo da sallah za mu ƙarasa maganar. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka