Wasiƙa daga Melbon

Assalamu alaikum, ƙanena.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Mu ma lafiya lau, sai sanyi. Hunturu ake a nan Ostireliya, kuma da hunturu mutanen Melbon ba su da zance sai ƙwallo.

Ƙwallon tasu daban take da tamu. Siffar ƙwai gare ta, mutum 18 ne kowane ɓangare, a kama da hannu, a buga da ƙafa. Sanduna huɗu ake kafawa a kowane ƙarshen fili: ta shiga tsakiya maki 6, ta bi gefe maki 1.

Inna ta ce har yanzu kana horar da yaran unguwa da yamma, shi ya sa nake son ka san wani dattijo, Kevin Sheedy. Gyaran famfo ya koya tun yana saurayi. Ya buga wa Richmond wasa 251 daga 1967 zuwa 1979, a baya yake tsaro, ya ci kofi uku. A 1981 Essendon ta ɗauke shi koci, ya zauna shekara 27 a kujera ɗaya, ya ƙara kofi huɗu: 1984, 1985, 1993 da 2000. Ina aka taɓa barin koci ya daɗe haka a wajenmu?

Abin da ya fi shiga raina shi ne inda yake zuwa neman yara. A lokacin da ƙungiyoyi da yawa ke ɗari-ɗari da 'yan asalin ƙasar, baƙaƙen fata, shi har arewa mai nisa yake bin su. Daga Darwin aka kawo Michael Long, wanda ya zama gwarzon wasan ƙarshe na 1993. Da aka zagi Long saboda launin fatarsa a 1995, ya ƙi yin shiru, har hukumar wasan ta kafa doka a kai. A zamanin Sheedy kuma Essendon ta ɗauki Bachar Houli a 2006, yaro Musulmi, iyayensa 'yan Labanan, mai riƙo da sallah da azumi. Daga baya Houli ya ci kofi uku da Richmond. Yaranmu na nan da shi suke alfahari.

Don Allah, almajiran nan da ke tsayawa bakin fili suna kallo, ka riƙa sa su a wasa. Zan aiko kuɗin takalma ƙarshen wata, in sha Allahu.

Ka gaida Inna, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Naka,
Yayanka