Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministar Al'adu, Hannatu Musawa, a kan amada da 'yan gambara

Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe.

Daga Jos nake rubuto miki, Unguwar Rogo. Satin da ya wuce a bikin ɗiyar yayata tsofaffin gidanmu suka kifa ƙwarya za su yi amada, sai wasu 'yan mata suka tashi wai batsa ce, haram ne, haka aka kwashe ƙoren aka watse, wallahi Gwaggo har hawaye ta yi.

Ni ban ce babu batsa a ciki ba, akwai kam. Amma da can tana da wurinta da lokacinta. Amada a cikin gida ake yinta, mata zalla, an kori yara waje, kuma da habaici ake magana, sai wadda ta yi aure take gane inda aka dosa, a nan ma amarya take jin abin da uwarta ba za ta iya faɗa mata ba saboda kunya. 'Yan gambara kuma a kasuwa suke nasu, kowa ya san bakinsu ba linzami, wanda bai so ya canza hanya. Kaka da jika, taubashi da taubashiya, su ma an yarje musu su yi wasan da wani bai isa ya yi ba.

Malamai sun daɗe suna wa'azi a kai tun zamanin Shehu Ɗanfodiyo, kuma da aka dawo da shari'a a 2000 Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, daga nan mutane suka fara jin kunyar abin gaba ɗaya. Yanzu kuma waya ta rushe katangar, abin da ake sakayawa a tsakar gida yarinya tana faɗinsa tsirara a TikTok yaro ɗan firamare yana kallo, to sai fushin mutane ya haɗa har da tsofaffin da ba ruwansu.

Hajiya ke 'yar Katsina ce, kin san Barmani Choge ta Funtuwa, mawaƙiyar amada. Ta rasu a 2013, kuma masu irin wannan fasahar kullum raguwa suke. Don Allah ki tura ma'aikatanki su naɗi muryoyin waɗanda suka rage, su tambaye su ma'anar habaicin, a ajiye a hukumar fina-finai ta ƙasa da ke nan Jos. In suka zo ni zan raka su wajen Gwaggo da kaina, ta kusa tamanin yanzu.

Taki,
wata uwa daga Jos