Wasiƙar Godiya Ga Sashen Ayyuka Na Ƙaramar Hukumarmu

Zuwa ga Shugaban Sashen Ayyuka da dukan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a?

Ranka ya daɗe, ni tela ne, shagona yana bakin layinmu a nan cikin garin Kaduna, kuma ni mutanen layi suka ɗora wa riƙon littafin kwamitin unguwa. Da yawunsu nake rubuta wannan wasiƙa, domin gode muku kan aikin magudana da hanya da kuka yi mana. Na sa ta inda kowa zai gani ne domin lokacin da muke kuka a fili muka yi shi, to godiyar ma bai kamata a yi ta a ɓoye ba.

Duk mutumin Kaduna ya san ruwan Agusta da Satumba. A layinmu, da hadari ya haɗo sai mata su fara ɗage kaya, maza su jera buhunan ƙasa a bakin zaure. Kwatar da ke gabanmu ta cika da yashi da leda tun shekaru, ruwa ya rasa hanya sai ya bi tsakiyar layi, ya ci ƙasa har ya yi kwazazzabo. Masu Keke Napep sun daina shigowa. 'Yan garuwa kuwa, in ka kira su sai sun ƙara maka kuɗi, kuma ba laifinsu ba ne, don tura kura mai jarkoki a wannan taɓo sai mai ƙarfi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bututun famfo. A cikin kwatar yake kwance, daidai ƙofar shagona, ya tsage, wani ya naɗe shi da robar taya. In an kawo ruwa sai ka ga yana tsartuwa. In an ɗauke, bututu ya zama fanko, ruwan kwata ne ke komawa ciki ta wannan tsagar. Washegari shi yara za su tara a bokiti. Daminar da amai da gudawa suka kwantar da yaran maƙwabcina biyu, a lokacin ne muka ce zama bai gan mu ba.

Injiniyan da kuka turo mana ya zo ne ana tsaka da ruwa. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya bi ruwan nan tun daga saman layi har inda yake faɗawa babbar magudana, yana tsayawa yana rubutu a wani ɗan littafi da ya rufe da leda. Mu kwalta muke so, mun kuma faɗa masa haka. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce ruwa ne ke cinye hanya, duk kwaltar da aka shimfiɗa ba magudana damina biyu ta yi mata yawa. Magudana tukuna, sai kwalbati, sai a fitar da bututu daga kwata, hanya ita ce ta ƙarshe. Ba zan ɓoye ba, wasunmu sun tashi daga taron nan ransu a ɓace, suna ganin wata hanyar ce ta sallamar mu. Yau su ne kan gaba wajen cewa in rubuta wannan.

Abu na biyu da muke gode muku a kai shi ne yadda kuka buɗe mana maganar kuɗi. A ƙofar gidan Mai Unguwa ma'aikacinku ya zauna ya rarrabe mana aikin kowa. Manyan titunan gari na gwamnatin jiha ne. Ruwan famfo na Hukumar Ruwa ta Jihar Kaduna ne, mai tace ruwan Kogin Kaduna a matatar Malali. Ƙananan hanyoyin unguwa da magudanu da kwashe shara kuwa, Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ya nuna mana cewa kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya shi ne kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan gaba ɗaya, 23 daga cikinsu a jiharmu, kuma albashi ke fara cin kaso mai tsoka kafin a zo kan siminti da rodi. Mu ma mun ji hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma da yawanmu mun ɗauka daga ranar za a fara yi mana aiki. Shi ya fahimtar da mu cewa aikin da bai shiga kasafin kuɗi ba, ba wanda zai iya sa masa hannu. Da shawararsa muka rubuta takarda da wuri, Mai Unguwa ya sa hannu, Kansilanmu ya ɗauka ya kai, ya kuma bi ta har aka sa mu a kasafi.

Mu ma ba mu naɗe hannu ba. Mun yi karo-karo, kowane gida gwargwadon ƙarfinsa, muka sayi murafun da aka ɗora kan magudana a ƙofofin gidaje, matasa suka yi gayyar kwashe yashi. Takardar aikin da kuka manna a bangon zauren Mai Unguwa, mai nuna abin da hukuma ta ɗauka da abin da ya rage mana, ita ta sa ko mutum ɗaya bai zargi kwamiti da cin kuɗi ba. Wanda ya taɓa riƙe kuɗin jama'a ya san girman wannan.

Batun bututu ba naku ba ne, amma ba ku ce mu je mu ji da shi ba. Ku kuka rubuta wa Hukumar Ruwa, kuka jinkirta zuba jar ƙasa har ma'aikatansu suka zo suka canja bututun suka binne shi nesa da kwata. Su ma muna gode musu. Bayan nan gireda ta shigo, aka zuba ƙasa aka daddanne.

Damina ta zo ta wuce. Na zauna a kan keken ɗinkina ina kallon ruwa yana bin magudana yana tafiya, zaurena a bushe. Ranar da matar ƙanena ta fara naƙuda da dare, har ƙofar gida mai Keke ya shigo ya ɗauke ta.

Ranka ya daɗe, saura roƙo ɗaya. Layin da ke ƙasanmu, inda ruwanmu ke gangarawa, har yanzu yana yadda namu yake a da, kuma 'yan uwanmu ne. Mun koya musu yadda ake rubuta takardar, tana nan tafe. Mu kuma mun ɗauki alkawarin fita yashe magudana duk Asabar ɗin ƙarshen wata, Mai Unguwa ya hana zuba shara a ciki.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Injiniya da leburorin da suka yi aikin nan lafiya, ya albarkaci iyalanku.

Wassalam.

Naku,
Sakataren kwamitin unguwa, a madadin mutanen layinmu, Kaduna.