Sanarwa: kalmar wannan mako ita ce "fletcher"

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kalmar da za mu tattauna a wannan makon ta fito ne daga harbin baka na Ingila: "fletcher". Tushenta tsohon Faransanci ne, inda "fleche" ke nufin kibiya.

Fletcher shi ne mai haɗa kibau, wanda ke ɗaura musu gashin tsuntsu a gindi, yawanci guda 3, don kibiya ta tafi sak ba tare da ta karkace a iska ba. Gashin kuma sunansa "fletching". Sana'a ce mai zaman kanta. A 1371 masu yinta a Landan suka ware daga masu sassaƙa baka suka kafa ƙungiyarsu, tana nan har yau. Daga wannan sana'a sunan dangi Fletcher ya samo asali, kamar yadda muke ce wa mutum Maƙeri.

Kibiyar maharbanmu kuwa ta kyauro ce, ba ta da gashi, dafi ke yin aikin. Shi ya sa fassara kalmar zuwa Hausa ke ba mu wuya. Don Allah kada a ce "maharbi", wannan "archer" ne.

Kowa ya turo jimlarsa kafin magaribar Alhamis. Banda saƙon murya.